Mai Karon Maiwurno

Ni mai karo ne a Maiwurno.
Da rana albasa da buhunan dawa,
da dare duk wadda naƙuda ta yi wa gardama.
Ba a buga ƙofata sau biyu bayan isha'i.
Daga bugun farko nakan san irin tafiyar.

Damina goma sha tara ke nan
da daren da laka ta riƙe mana ƙafa a hanyar Sinnar.
Kun san baƙar ƙasar nan in ta sha ruwa,
ba ta sakin abin da ta kama.
Na tura, jaki ya ja, tocila ta mutu.
Kubura ta ce, "Tanimu, bar shi haka, zo ka riƙe ni."
Da mutum ɗaya na fita, da mutum ɗaya na komo,
amma ba wadda na ɗauka ba.
A rawanina na naɗo ta.
Ran suna aka ce Batula.

Bara sai ga takarda a bangon ɗakin shan magani,
ƙusa huɗu, hatimi shuɗi.
Ni karatuna na allo ne,
rubutun hukuma kuwa ba ya sa wasali.
Dafa'alla, tsohon mataimakin likita,
wanda hannunsa ya fara rawa in zai yi allura,
shi ya bi mini ita da yatsa:
gwamnati za ta biya makaranta da makwanci
ga mai son jinya, ga mai son ungozomanci,
da wanda zai gaji kujerarsa.
Sharaɗi guda, in an gama, shekara uku a ƙauye.
Na ce, "Wannan ma sharaɗi ne?
To da can ina muke?"

Batula ta cike takarda ba ta yi shawara da ni ba.
Wurin da aka ce a faɗi dalili, an bar layi uku.
Kalma ɗaya ta rubuta: laka.

Kuɗin bai zo da wuri ba.
Wata huɗu yana hanya, sai ka ce a karona aka ɗoro shi,
da ya iso kuma ya rame,
na wata guda bai kai sati biyu ba.
Na sayar da awaki biyu, ban gaya mata ba.
Ta daina cin abincin rana, ba ta gaya mini ba.
Mai shayin tasha ne ya tona mu duka.

Da hutu ta zo da farin mayafi da ƙaramin akwati.
Ta ɗaure mini dantse, ta matsa, ta saurara,
ta hana ni gishiri a gidana.
Can da dare, muna jin kogi yana wucewa, ta ce,
"Baba, abin da ya tafi da Inna yana da suna.
Akwai allurarsa.
Kwalbar ba ta kai ɗan yatsanka ba."
Na tashi na ba jaki ruwan da bai nema ba.
Na daɗe a can.

Yanzu abokai na yi mini tsiya a inuwar dalbejiya,
wai 'yata za ta kashe mini cinikin dare.
Allah ya sa.
Ya sa a buga ƙofar nan, in yunƙura,
a ce, "Koma ka kwanta, ba kai muke nema ba."

Duk da haka jiya na sake taya,
na ɗinke linzami, na sayi batir.
Na sa Dafa'alla ya maimaita mini takardar har ƙasa,
babu inda ta ambaci hanya.
Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas,
kuma wani ne zai kai ta.